Yadda Na Kai Langar Inna Kasuwar Maiyama

Tun da na dawo daga Kabi kun hana ni sakat. Wannan ta tare ni a bakin famfo, waccan ta bugo waya: Balaraba yaya Jega, Balaraba ina sautunmu, Balaraba me ya same ki kika dawo sukuku? To ku zauna ku ji. Sau ɗaya zan faɗa, don duk sanda na maimaita sai abin ya dawo mini sabo.

Da yawanku kun ɗauka yawon kasuwa na tafi, tunda kun san ni da son kasuwa. Gaskiya ne na ci kasuwa har uku, amma ba shi ya fitar da ni daga Minna ba. Inna ce ta aike ni, mahaifiyar maigidana Baban Ummi. Ita haifaffiyar Maiyama ce, aure ya kawo ta nan, kuma tana da ƙanwa guda a can, Baba Dije, wadda ta gaji uwarsu a sana'ar batso. Batso daddawa ce da ake yi da 'ya'yan yakuwa, wadda su suke kira sure. Baƙa ce, ana dunƙula ta ƙanana, kuma warinta ya ninka na daddawar kalwa da muka saba.

Rabon Inna da ƙanwar nan tun ranar sunan Baban Ummi, shi da yanzu furfura ta cika masa gemu. Inna ta je gida wankan haihuwar fari, tana ji da kanta matar ma'aikacin jirgin ƙasa. Ranar suna Baba Dije ta taso daga kan tukwanenta da murna, ta miƙa hannu za ta ɗauki jariri, sai Inna ta ja gyale ta toshe hanci, ta ce ta je ta yi wanka tukuna. A gaban mata aka yi. Baba Dije ta janye hannunta ta fita, shi ke nan magana ta mutu tsakaninsu. An taɓa haɗa su a waya, tana jin muryar Inna ta miƙa wa mai waya abinsa.

Bana ƙafa ta kwantar da Inna, abinci ma sai an yi da gaske take ci. Wata safiya ta kira ni ɗakinta, ta zaro wata 'yar langa mai murfi daga ƙarƙashin gado, fentinta duk ya zube.

Ta ce, "Ta uwarmu ce, da ita take awo. Ki kai wa Dije, ki ce yayarta tana gaishe ta, tana kwaɗayin batsonta. Kada ki ƙara komai a kai. Ke na zaɓa don kin iya magana."

Na ce, "To Inna, yaya za mu gane ta haƙura?"

Ta ce, "Uwarmu idan mai saye ne, daidai baki take cikawa ta rufe murfi. Idan na gida ne kuwa, tulawa take yi har murfi ya ƙi zama, sai an ɗaure da tsumma. Dije ta san wannan. Da na hango langar a hannunki na ji amsata."

Ta siffanta mini ita: doguwa, kakkaura, mai wushirya, tana zama gindin tsamiya kusa da masu gishiri. Ni kuwa da wautata ban tsaya na tuna cewa Dijen ƙuruciya take siffantawa ba.

Da sassafe Baban Ummi ya sa ni a mota. Hanyar Kontagora kada ma ku tambaya, ramukan da ke kanta sun sa na san ina da ƙashi a wuraren da ban taɓa sani ba. Kusa da ni wani dattijo ne mai fataucin goro, ya yi ta ba ni labarin ciwon bayansa har na fara jin nawa. A kan iyakar Neja da Kabi aka tsayar da mu a shinge. Wani jami'i ya ga na rungume ƙunshi a cinya ina kaffa-kaffa da shi, ya ce in buɗe. Na kwance ɗankwali, ya ɗaga murfi, ya leƙa, ya kife langar ya girgiza.

Ya ce, "Hajiya, tun daga Minna kike riƙe da kwano babu komai a ciki?"

Na ce, "Ɗebowa zan je yi, ranka ya daɗe."

Duk motar aka sa dariya, har shi. A Yawuri muka ci soyayyen kifi, wanda ban taɓa cin mai daɗinsa ba, sai dai ƙaya ta maƙale mini, na yi ta haɗiyar lomar tuwo har Koko kafin ta wuce.

Ga inda baƙin cikina ya fara. Hanyar Jega ta cikin Maiyama ta bi. Direba ya tsaya ya sauke mutum biyu, ya waiwayo ya ce, "Akwai mai sauka?" Langa tana cinyata. Da na sauka na tambayi gidan Dije mai batso, da ƙaramin yaro ma ya kai ni. Amma na dubi jikina duk ƙura da man kifi, na ce a'a, ba haka ake zuwa gaban surukai ba, bari in je Jega in huta, in dawo ranar kasuwarsu a tsanake. Kuma in faɗa muku gaskiya, zuciyata tana kan kasuwar Jega da na daɗe ina jin labarinta. Na gyara zama, mota ta tashi.

A Jega na sauka wurin Rifkatu, ƙawata tun makarantar horon malamai, mutuniyar Zuru, tana koyarwa a can. Ɗaki biyu take haya a unguwar Jega Magaji, a gidan wani manomin albasa. Uwargidan, Hajiya Kulu, gajeriya ce mai ƙaton murya, ta tare ni kamar ta san ni tun fil azal. "Maraba da baƙuwa! Ina gajiya? Kin iske mu lahiya?" Kafin in wanke ƙafa an aiko da hura, wato fura, mai kauri da sai ka sa ƙarfi ludayi yake shiga. Bayanta ga datu, irin kwaɗon ganyen nan namu, ga tuwon shinkafa da miyar sure da ta sha batso. Da aka buɗe kwanon miyar na ɗan ja baya, ba zan ɓoye ba. Amma da na kai loma ɗaya sai ga ni na tashi da malmala biyu, ina suɗe hannu. Ku riƙe wannan: ni batso bai taɓa damuna ba, sonsa ma nake yi.

Kasuwar Jega ta ci sunanta. Ban taɓa ganin kayan yaji a tule haka ba: citta buhu-buhu, kanumfari, masoro, fasaƙwari, busasshen tattasai, barkono iri-iri, kanwa ja da fara, manda, tsamiya, kuka. Layin masu barkono ba a bin sa da baki a buɗe, kowa atishawa yake yi, mai saye da mai sayarwa da ɗan dako. Ga Zabarmawa, ga Fulani, ga Yarabawa da suka zo sari, kowa da irin Hausarsa. Na rasa inda zan sa ido. Wani mai dakakken yaji ya hango ni ya fara, "Hajjaju! Taho ki ga na amare!" Yajin ja wur, gwanin sha'awa. Ya faɗi kuɗi, na ɗan taya kaɗan irin yadda muke yi a Minna, ya ce ya sallama don fuskata. Na dawo gida ina taƙama.

Hajiya Kulu ta ɗebi kaɗan ta zuba a kofin ruwa. Ruwan ya rine, dusa ta taso sama. Rifkatu ta yi dariya har da riƙe ciki.

Hajiya Kulu ta tafa hannu ta ce, "Wagga ɗiya, haka a ka ciniki garinku? Mutum ya kira ki Hajjaju ki buɗe mai jaka? Gobe kasuwar Aliero, tare za mu tahi. Ki sa ido, ki rufe baki."

Raina ya ɓaci ƙwarai, kun san ni da ƙin a raina mini wayo. Na yi alwashin ba mai sake cuta ta a ƙasar nan.

Aliero garin albasa ne, tun daga bakin gari warinta ke tarar mutum. Manyan motoci a jere ana loda musu buhuna, wasu za su Kudu, wasu har ƙetare. Garin masu ɗori ne kuma, a motar da muka shiga ma akwai wani saurayi da aka ɗauko daga nesa da karyayyar ƙafa, duk ramin da aka faɗa sai ya kira sunan uwarsa. A nan na fara ganin gabu da yawa haka, ganyen albasa da ake dakawa a dunƙule a shanya don miya, wanda mu a Minna zubar da shi muke yi.

Nan na ga ciniki. Hajiya Kulu ba ta taɓa yaba kaya. Za ta ɗaga, ta juya, ta taɓe baki, ta ce, "Wanga ai na bara ne." Mai kaya ya rantse, ta ce na Jega ya fi, ya ce albarka, ta juya ta tafi, ya kira ta, ta dawo tana mita, a ƙarshe ta saya da rabin kuɗi kuma ta tsaya sai an yi mata gyara. Na kwashe duka. A wurin wani mai gabu na ce ta bar ni in gwada. Na ɗaga, na shinshina, na yamutsa fuska, na ce ko akuyarmu ba za ta ci wannan ba. Mutumin ya kwashe da dariya ya ce, "Hajiya Kulu, ina kinka samo wagga? Ta hi ki!" Ya sallama, ya ƙara mini gyara har da tafarnuwa.

Kaina ya kumbura. Abin da ban lura da shi ba sai daga baya, duk waɗanda Hajiya Kulu take kushe wa kaya maza ne ƙarti da suka san ta shekara da shekaru, ana gama faɗan sai su koma tambayar iyali. Da muka zo wurin wata tsohuwa mai kuɓewa, durƙusawa ta yi ta gaishe ta, ta saya ba hayaniya. Na gani da idona, amma ban ɗauki wannan a cikin darasi ba.

Ranar kasuwar Maiyama Rifkatu tana makaranta, Hajiya Kulu kuma tana da suna a Katanga, don haka ni kaɗai na tafi. Na yi wanka, na sa atamfata mai kyau da babban gyale, na sa langa a jaka. Kasuwar ba ta kai ta Jega ba, amma ta fi ta natsuwa, ga gero da dawa, ga kifi busasshe, ga mata tsofaffi a jere da 'yan kayan miyarsu. Na nemi tsamiya ban gani ba, ashe an daɗe da sare ta.

Sai na tuna da sautunku. Maman Sadik ta ce batso, Larai ta ce batso. Na ce a raina ba zai yiwu in je gaban Baba Dije da saƙon zumunci in kuma tsaya ciniki da ita ba, abin kunya ne. Bari in fara sayen naku wurin wata, sannan in neme ta hannuna a sake. Wallahi da kyakkyawar niyya na yi wannan lissafin.

A ƙarshen layi na ga wata 'yar tsohuwa, ƙanƙanuwa, ta rame, ba haƙori ko ɗaya a gaba, tana zaune a inuwar buhu da aka kafa da kara. Batsonta a faranti, an rufe rabi da faifai. Ko gaisuwar kirki ban yi ba, na ce nawa. Ta faɗa a hankali. Na ɗauki dunƙule ɗaya na kai hanci. Mai kyau ne, na san mai kyau ne, irin wanda na ci a gidan Hajiya Kulu bai kama ƙafarsa ba. Amma sai na ja bakin gyalena na toshe hanci, na ɗaga murya yadda maƙwabta za su ji.

Na ce, "Kai, Inna! Wannan wari haka? Anya bai lalace ba? Rufe, rufe, kada ya kama mini tufafi."

Na jira ta rantse, ko ta rama, irin yadda aka yi a Aliero. Ba ta yi ba. Ta ɗago ta dube ni kawai, ta daɗe tana dubana. Na taya rabi. Ta ce, "Kawo."

Na buɗe jaka, langa ce a sama, na fito da ita na ajiye a kan tabarma don in laluba ƙasa. Ɗankwalin da na ƙunshe ta da shi ya zame. Tsohuwar ta kafa wa langar ido.

Ta ce, "Ina kinka samo wagga langa?"

Na ce, "Ta surukata ce. Aiko ni ta yi wurin ƙanwarta, Baba Dije mai batso. Ko kin san inda take zama?"

Matar da ke gefenta, mai sayar da kuka, ta dafe ƙirji ta ce, "Innalillahi! Ke baƙuwa, ai ita ce kike tsaye kanta."

Jama'a, nan take na durƙusa a gabanta. Gyalen ma yana hannuna, ban gama sauke shi daga hanci ba. Baba Dije ta ɗauki langar ta juya ta, ta shafa inda fentin ya zube da babban yatsa.

Ta ce, "Ke ce matar yaron?"

Na ce, "Ni ce, Baba."

"Yaron da anka hana ni ɗauka. Shina lahiya?"

Na ce lafiya lau, har ya aurar da 'ya. Na ga bakinta ya ɗan motsa kamar za ta yi murmushi, na faɗi saƙon Inna da sauri, kalma bayan kalma yadda aka ba ni. Ta saurara har ƙarshe.

Sannan ta ce, "Ita ta koya miki toshe hanci, ko can garinku haka a ka gaida tsohi?"

Na fashe da kuka. Na rantse mata ciniki ne kawai, jiya jiyan nan aka koya mini, batsonta ya fi na kowa, Inna ba ta san komai ba, tana kwance ba ta da buri sai nata. Na yi ta zuba, ni da aka zaɓa don na iya magana.

Ta ce, "Na san ciniki ne, ɗiyata. Na tsuhwa cikin kasuwa, an kushe min kaya ba adadi, ban riƙe kowa ba. Amma da kinka ja gyale, ba ke nig gani ba. Ita nig gani, da matan da sunka yi dariya."

Ta jawo faranti ta fara jera batso a langa, ɗaya bayan ɗaya, ina kallo ina addu'a a zuci. Da ya zo daidai baki ta tsaya. Ta ɗauki murfi ta rufe, ya zauna daram.

Ta ce, "Kin taya, na sallama. Biya."

Na ƙi. Mai kuka ta sa baki ta ce, "Haba Dije, ki dubi Allah, baƙuwa ce." Ta ce ta dubi Allah, shi ya sa ba ta kore ni ba. Ta miƙo tafin hannu ta bar shi a miƙe, mutane sun fara taruwa. Na biya. Naku kuwa ban saya ba, ban ma ƙara tunawa da shi ba, ku yafe ni.

Da la'asar mai kuka ta raka ni gidan Baba Dije. Tsohuwar ta shimfiɗa mini tabarma, ta sa aka kawo ruwa da hura, ba ta rage ni da komai na baƙunta ba. Amma duk sanda na ɗauko maganar Inna sai ta ce, "Yaya kunka baro hanya? An ce ta lalace." Haka muka yi har na gane ba inda za ni, na yi sallama. Da na ba Hajiya Kulu labari ta riƙe baki ta ce, "Wayyo ɗiyata, ni na ce ki yi wa tsohuwa?" Ba ta ce ba. Ni na ƙara nawa.

A hanyar dawowa mota ta sake bi ta Maiyama, na sunkuyar da kai har muka fita gari. A Koko na ga mai batso a tasha, zuciya ta ce in saya in tula a kai in ɗaure da tsumma, wa zai sani? Har na kira ta. Sai na tuna hancin da aka haifa a kan tukunyar batso ba zai kasa bambance hannun ƙanwarsa da na wata ba, kuma ƙarya a kan wannan ta fi ƙarfina. Na ce ta tafi.

Na iso Minna da rana tsaka. Ashe tun safe Inna ta sa an fito da ita tsakar gida a kan kujera, tana fuskantar ƙofa, ta sa sabon ɗankwali. Na yi sallama. Ba fuskata ta duba ba, hannuna ta duba. Na kwance ƙunshin na ajiye a gabanta.

Ta ce, "Ya rufu."

Sai ta ce mini sannu da hanya, ta tambayi gajiya, kamar ba komai. Wannan ya fi duka ciwo. Na durƙusa na faɗa mata duk abin da ya faru, ban rage ba: yadda na wuce Maiyama da langa a cinya, yadda na ja gyale, yadda Baba Dije ta tambayi lafiyar yaron kafin ta tuna abin da na yi. Na ce, "Inna, da na sauka ranar farko da ƙurata, da yanzu da tsumma na kawo miki ita. Ni na ɓata."

Ta jawo langar kusa da ita. Can ta dafa kaina ta ce, "Tashi, 'yar nan. Ni na riga ki toshe hancin nan."

Ta ce in yi mata miyar yakuwa da batson. Na yi, na kai mata da tuwo mai laushi. Ita da sai an roƙe ta take yin loma uku, ranar ta cinye tas, ta suɗe kwano, hawaye yana bin kuncinta ba ta share ba. Da na zo ɗaukar kwanon ta riƙe hannuna.

Ta ce, "Hannun Dije bai sake ba. Ki riƙa sa kaɗan-kaɗan, Balaraba, kada ya ƙare da wuri."